Babur ɗin da Majvor Ta Iya Ɗagawa

Majvor Hedlund maƙwabciyata ce, titi ne kawai tsakaninmu. Ita ce ta yi ta dafa abinci a makarantar ƙauyenmu da ke arewa da garin Sunne har ta yi ritaya. Duk wanda bai kai hamsin ba a wannan gefen tafkinmu ya ci dankalinta da kifin ranar Talata, ya so ko bai so ba. Gajera ce mai kaurin damtse, kuma ba ta ɓarnar magana. Idan ka gaishe ta ka ce yau gari ya yi kyau, sai ta ɗaga kai ta duba tukuna kafin ta amsa.

Mijinta Sixten direban motar katako ne, ƙato, irin wanda sai ya karkata kafin ya shiga ƙofar kicin. Tun suna saurayi da budurwa yake da babur, irin mai dogon jiki da faɗin kujera, wanda mutum ke zama a kai kamar yana falonsa, ƙafafu a miƙe gaba. Duk shekara, da zarar ƙanƙara ta narke an share tsakuwar titi, sai su ɗaure jaka su kama hanya, shi a gaba ita a baya. Sun je arewa har inda itatuwa ke ƙarewa, Norway kuwa sun tsallaka ba adadi. Na taɓa tambayarta yadda ƙasar take ta can sama.

"Hagu da dama dai ba laifi," in ji ta. "Gaba kuwa bayan Sixten ne."

Yana dab da saba'in idonsa ya fara ba shi matsala. Tsakiyar ganin ce ta tafi, gefe ya rage. Yana ganin kunnuwanka, ba ya ganin hancinka. Likita a Karlstad ta ce tuƙi ya ƙare, na mota da na babur. Sixten ya yi mata godiya ya dawo gida. Ba a daɗe ba ya sayar da babur ɗin ga wani ɗan Norway da ya zo da akori-kura, bai yi shawara da kowa ba. Ya tsaya a bakin gareji har motar ta sha kwana, sannan ya shiga ya goge wurin da baƙin mai ya ɗiga.

Bazarar nan a gida suka yi ta. Sixten ya yanke ciyawar gidansu har ƙasa ta fara leƙowa, ya tsallako ya yanke tawa ba tare da na roƙe shi ba. Da ganye ya fara zuba, Majvor ta ajiye masa kofi a gabansa ta ce ta shiga makarantar koyon tuƙi.

"Ai kin iya mota," in ji shi.

"Babur."

Ya daɗe yana juya cokali a kofin da babu sukari a ciki.

"Tsohuwa, shekarunki nawa ma?"

"Ka sani. Kai ka cinye rabin kek ɗin ranar haihuwata."

Karo na farko ta faɗi jarrabawa, don ta bi ta kan robobin da ake jerawa maimakon ta bi ta tsakaninsu. Karo na biyu ta ci. Ta dawo da lasin a jaka, ta dafa abincin rana, sai bayan sun gama ci ta gaya masa.

Saura sayen babur. Ranar da za su je shago a Karlstad, Majvor ta ƙwanƙwasa mini ƙofa ta ce in zo mu tafi tare, don idan su biyu ne kawai, kowa zai dawo da nasa labarin.

Mai sayarwar wani ne mai gemu har ƙirji, ya haura arba'in, hannuwansa duk zane. Ya taso da fara'ar 'yan kasuwa. Majvor ta dube shi sama da ƙasa.

"Pontus. Kai ne mai zuba kifi a aljihun wando."

"Ni ne, Majvor," in ji shi, ya gyara tsayuwa.

Babura biyu ya fito mana da su, ƙira ɗaya, kamar wa da ƙane. Ɗaya matsakaici ne. Ɗayan injinsa ya kusa ninka na farkon, nauyinsa ya haura kilo ɗari uku, tankinsa kamar cikin saniya. Sixten ya bi su da hannu tun daga fitila har salansa. Ya ƙwanƙwasa tankin babban, ya saurara kamar mai sayen kankana.

"Wannan babur ne," in ji shi. Ya nuna matsakaicin da haɓa. "Wancan ɗansa ne. A bar shi ya girma."

Kuma ba maganar banza yake yi ba. Ya ce shi ba ƙaramin kaya ba ne, ga tanti, ga jakunkuna, ga tukunyar kofi. Ya ce idan motar katako ta wuce ka a babban titi, iskarta takan ɗauki ƙaramin babur ta matsar da shi gefe. Ya sani, don shi ne ya shekara arba'in yana matsar da su. Majvor ba ta musa ba. Ta hau matsakaicin, tafin ƙafarta ya zauna a ƙasa daram. Ta hau babban, sai kan yatsunta kawai ke taɓa siminti, kamar mai leƙen katangar maƙwabta.

Pontus ya ce su gwada duka biyun a titi. Ni na bi su a baya da mota. A kan matsakaicin, gwiwoyin Sixten sun kusa kai masa kunne. Da suka zo hawan tudu injin ya riƙa kuka kamar ana yi masa dole, kuma duk ramin da suka faɗa sai in ga bayan babur ɗin ya durƙusa. Babban kuwa sai da Pontus ya tura mata shi waje, ya saita mata shi da titi. Amma da ya fara tafiya, shi ke nan, kamar jirgin ruwa a tafki ranar da babu iska. Ina kallo Sixten ya saki ƙugunta ya ɗora hannuwa a cinyoyinsa, ya ɗage gilashin hular kwanonsa iska na dukan fuskarsa. Haka ya zauna har muka juyo.

A ƙofar shago ta taka birki ta tsaya, sai babur ɗin ya fara kwanciya ta hagu a hankali, kamar wanda barci ya ɗauka a coci. Ni da Pontus muka ruga muka tare. Sixten ya sauka, ya tambayi inda banɗaki yake, ya shiga ya daɗe.

"Babban ya fi daɗi in ana tafiya," Majvor ta ce mini. "Sai dai ba a dawwama ana tafiya."

Da Sixten ya fito, ta ce wa Pontus ya kwantar mata da su duka biyun a ƙasa.

"A ƙasa?"

"A ƙasa. Ka shimfiɗa wani abu in kana tsoron fenti."

Ya so ya yi magana, ya dubi fuskarta ya fasa. Ya kawo tsofaffin barguna, ya kira makanikensu suka kwantar da baburan. Majvor ta juya wa matsakaicin baya, ta tsuguna, ta kama hannun babur ɗin da ƙarfen baya, ta tura da ƙafafu. Fuskarta ta yi jawur, amma ya miƙe. Ta kafe shi, ta huta, ta koma wurin babban. Ta tura. Ta sake turawa. Ko gezau bai yi ba.

"To mene ne?" in ji Sixten. "Ai ina wurin. Ni zan ɗaga."

"In ya faɗi, kana ƙarƙashinsa."

Muka dawo gida ba a sayi komai ba.

Daga nan maganar ta fita daga hannunsu. Mazan da ke shan kofi a gidan mai duk suka goyi bayan babban, har da waɗanda ko keke ba su da shi. Suka ce wanda ya sayi matsakaici, shekara ɗaya zai yi ya fara da-na-sani. 'Yarsu Ylva ta bugo waya daga Göteborg ta ce kada su sayi ko ɗaya, su sayi kare. Pontus ya aiko da saƙo cewa ana iya rage wa babban tsawon kujera, kuma akwai takalma masu kaurin ƙasa. Majvor ta karɓo takalman ta gwada. Na gan ta ta taga tana zagaya gida da su, tana tafiya kamar zalɓe. Washegari ta mayar.

Wata Lahadi da rana na je mayar musu da tsani, suka ce in zauna in sha kofi. Akwai burodin kirfa, da ɗuminsa. Sixten na kan maganar, ya dawo kan batun iskar motar katako, yana kwatantawa da hannu har ya kusa ture madara. Majvor ta bari ya kai aya.

"Tsoho, ka girme ni da shekara tara."

"Takwas da rabi."

"Wata rana ni kaɗai zan fitar da shi daga gareji. Babu Pontus, babu kai."

Na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a kan burodi. Sixten ya lalubi farantinsa, ya gutsura, ya tauna a hankali har ya haɗiye. Ya kurɓi kofi.

"Haka ne," in ji shi.

Can ya ƙara da cewa, "Amma a sauya wa ƙaramin kujerar baya. Ta yanzu ta kyanwa ce."

"An sauya. An ƙara masa ƙarfin baya ma."

"Yaushe?"

"Na kira Pontus ranar Alhamis."

Ya juyo wajena da gefen idonsa, wanda da shi yake gani. Ni ma dai ban sani ba. Ya turo mini farantin ya ce in ƙara.

Haka matsakaicin ya zo gidan. Sixten ya rage nauyi a shekarar, ba da son ransa ba. Majvor ta daina sa masa man shanu a dankali, ta ce ba don shi ba ne, don babur ne. Suka koma tafiye-tafiyensu, sai dai ba su ƙara ɗaukar tanti ba. Yana zaune a baya yana ba ta umarni ta cikin hula: ta rage giya, ta ƙara wuta, akwai kwana a gaba. Hanyoyin duk suna kansa. Matsalar ita ce wasu an gyara su tun bayan da ya daina gani, kuma bai yarda da gyaran ba. Akwai wani shatale-tale kusa da Torsby da har yau yake cewa babu shi.

A bazararsu ta biyu, a wata hanyar tsakuwa ta wajen Gräsmark, ƙatuwar barewar daji ta fito daga cikin itatuwa ta tsaya musu a tsakiyar hanya. Majvor ta taka birki, babur ya ja tsakuwa ya tsaya dab da ita. Suka dubi juna. Sai ƙafar Majvor ta zame, suka kife su uku, har da babur ɗin, a gefen hanya. Barewar ta ɗan tsaya ta gani, ta wuce abinta.

Majvor ta zare ƙafarta, ta kashe inji, ta juya baya ta ɗaga babur ɗin ta kafe. Sannan ta zo ta miƙa wa Sixten hannu. Shi da bakinsa ya ba da labarin a gidan mai, kuma abin da ya fi ci masa rai ba faɗuwar ba ce.

"Na ce mata, tsohuwa, shi kika fara ɗagawa? Ta ce mai yake zubarwa. Na ce ni ma ai jini nake zubarwa. Ta duba gwiwar hannuna ta ce kaɗan ne."

Mazan suka ce da babban ne da bai faɗi ba. Sixten ya ce da babban ne da har yanzu suna can.

Sun yi bazara biyar ko shida a haka. Bara ƙugunsa ya ƙi, aka yi masa aiki, kuma tun daga nan ƙafarsa ba ta iya tsallake kujera. Sun gwada da akwatin katako a matsayin matakala, sun gwada da ni ina riƙe da shi ta baya. Bai yiwu ba. Majvor ta tambaye shi ko ta sayar. Ya ce in ta sayar, me zai riƙa ji da safe?

Yanzu ita kaɗai take fita, yawanci ranar da babu ruwan sama. Shi yake zaɓar mata inda za ta je tun da daddare, ya zauna a kujerar bakin ƙofa da bargo a cinya har ta dawo. Shekaranjiya ina gyaran shinge ta shigo, ta kafe babur, ta cire hula, gashinta duk ya kwanta gefe ɗaya.

"Yaya Arvika?" in ji shi, yana nufin garin da ya zaɓar mata.

"Tana nan."

"Gadar fa?"

"Ita ma."

"To madalla. Kin sayo tsiran-alade?"

"Na manta."

"Sai ki koma gobe."

Ta ce sai ta ga yadda gari ya waye. Ta shiga ta ɗora ruwan kofi, ta leƙo ta taga ta tambaye ni ko zan sha.