Geron Dokin Alhaji

Gidanmu yana ƙarshen unguwar Abena, inda kwalta ta gaji ta tsaya. Dawakai bakwai ne a bargarmu, amma tsohuwar goɗiya ɗaya ce tamu. Sauran na masu kuɗin gari ne, irin mutanen nan da ke mutuwar son doki muddin wani ne zai kwashe kashinsa. Baba ke ciyar da su, ya hore su, ya shirya su don tsere. Ni ce 'yarsa ta fari, ni ke auna gero da kwano.

Dokin tsere ba a barinsa ya yi ƙiba. Kullum da safe Baba kan kai su yashin bakin kogin Shari su yi gudu har gumi ya keto, a dawo a ba su gero daidai gwargwado, da harawa, da ɗan ruwan kanwa. In haƙarƙari ya fara leƙowa, Baba ya san aiki ya yi kyau.

Sai wani Alhaji mai shagon atamfa a Sabangali ya kawo mana jan doki. Saninsa da doki bai wuce inda kai yake da inda wutsiya take ba. Duk Juma'a bayan masallaci yakan zo da abokai, ya tsaya nesa kada a ɓata masa babbar riga, a ɗauki hoto.

Bayan wata biyu ya ga haƙarƙari.

"Da shunu, Malam? Mene ne wannan?" in ji shi. "Gero nake aikowa buhu-buhu, doki na ramewa. 'Ya'yanka kuwa, masha Allah!" Ya dubi kumatuna, abokansa suka yi dariya.

Baba ya ce, "Alhaji, na tsere haka ake son sa."

"Ni nawa sai ya yi kama da dokin mai arziki."

Ban taɓa jin kunya da haushi irin na ranar ba. Shekara talatin Baba yana wannan sana'a, ga mai awon yadi ya kira shi ɓarawon abincin dabba a tsakar gidansa.

Washegari Baba ya ce in ajiye kwano, in zuba wa jan dokin duk abin da cikinsa zai ɗauka. Ya daina kai shi yashi. Doki ya samu aljannarsa tun a duniya, ya ci, ya kwanta, ya tashi ya ci. Cikin 'yan makonni ya zama randa mai ƙafa huɗu. Alhaji ya ji daɗi har ya ba Baba hula.

Ranar tsere, dokin ya tashi da ƙarfinsa, a rabin fili ya koma tafiyar amarya. Kafin ya iso, na farko har ya sha ruwa. Alhaji ya juya ga jama'a ya ɗaga murya: "Ni dai na yi nawa, ci ya ci. Mai horon ne bai san aikinsa ba."

Maganar ta zaga gari. Kafin wata ya mutu, mutum uku sun zo sun kwance dawakansu.

Ranar da na ukun ya fita ƙofa, na kasa daurewa. Ina kuka na ce, "Baba, ka san zai faɗi. Don me ka biye masa?"

Yana naɗe igiyar da aka bari a turke, bai ɗago ba.

"Gara a ce ban iya doki ba," in ji shi, "da a ce da geron doki na raine ku."