Ƙofar da Na Ɗauko da Hannuna

Gidanmu na ɗalibai a unguwar Walia bai taɓa sanin ƙyaure ba. Wani tsohon attajiri ne, jikan mahajjatan da tafiyar Makka ta tsaya musu a nan, ya bar shi sadaka ga 'ya'yan Hausawa masu karatu a jami'a. Buhu ne rataye a bakin zaure, ga randar ruwa ginin ƙauyen Gaoui a gefe. Duk wanda ya sauka a N'Djamena bai san kowa ba, sai ya ɗaga buhun nan, ya sha ruwa, ya shimfiɗa tabarma, ya zama ɗan gida. Haka na shiga, haka abokina ya shiga, muka yi shekarunmu a ɗaki ɗaya muna jan bargo ɗaya.

Muna da furfura ruwan kogin Chari ya haura wata damina ya ci katangar baya. Tsofaffin 'yan gidan muka taru muka ce sai mun gyara. Abokin nawa, wanda yanzu fiton kaya yake yi a gadar kan iyaka ta Ngueli har ya yi tumbi, shi aka ba shugabanci. Ni malamin makaranta ne, aljihu babu sai baki, don haka aka ba ni roƙo.

Na kuwa yi roƙo. Na bi ofisoshi, na tsallaka kogi zuwa garin Kousseri, na cika wayoyin mutane da saƙon murya. Ko'ina labarin buhun nan nake ba su, kuma yana ci. Wani ɗan ɗakinmu da ya koma garinsu can gabas yana noma, ragon layyarsa ya sayar ya aiko.

Da aiki ya zo farawa, ɗaliban da ke ciki suka ƙi fita. Ni aka tura. Babbansu ya dube ni ya ce, “Malam, in mun fita za mu dawo?”

Na ce, “A wuyana.”

Suka kwashe tabarminsu, wasu masallaci, wasu rumfar masunta a bakin kogi.

Ana cikin gini abokina ya kawo maganar ƙofar ƙarfe, wai zamani ya canja, ɓarayi sun yi yawa, kuma kowane ɗalibi za a yanka masa makullinsa. Raina bai so ba, amma na yarda. Ya ce tunda ni ne mai ido, in je wurin mai walda in zaɓo. Na wuni a can. Na zaɓi shuɗiya, na hau bayan mota na riƙe ta kada ta karce, kamar mai rakiyar amarya.

Ranar buɗe gida an yanka tunkiya, an zuba shayi. Shugaba ya miƙe ya ce kwamiti ya zauna ya ga dole gida ya ciyar da kansa. Ɗakuna za a ba fataken Nijar haya, zaure ya zama wurin ajiyar kaya, ɗalibai kuma sai Allah ya hore an yi musu wani. Ina cikin kwamitin nan, ban san da zaman ba. Da na bincika, ashe ranar da nake wurin mai walda aka yi shi.

Na ja shi gefe. Bai ko ajiye kofinsa ba. Ya ce, “Ya akhuy, ɗan'uwana, kai alli ka sani, ba ka san siminti ba. Da kana wurin da ka ɓata mana zama.”

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Mutumin da ya san sanyin da ya koro mu ɗakin nan, shi ya ari bakina ya tara jama'a, ya ari wuyana ya fitar da yara, sannan ya aike ni sayen abin da zai rufe su a waje. Na yi ta zarya wurin sauran, kowa ya ce in yi haƙuri, an riga an karɓi kuɗin haya. Babban ɗaliban har yau yana gaishe ni in mun haɗu, da ladabi, kuma gaisuwar nan ta fi mari zafi.

Da aka koma karatu, manomin nan mai rago ya kira ni, muryarsa cike da murna. Ɗansa ya samu jami'a, ya sa shi a mota tun jiya. Na tambaye shi wa zai tarbi yaron.

Ya yi dariya ya ce, “Tarba kuma? Ai na kwatanta masa gidanmu. Na ce ya ɗaga buhu kawai ya shiga.”