Hantar Kawu Kemis

Kawuna direban bas ne har ya tsufa, kuma bayansa ya riga shi yin ritaya. Daga ciwon bayan nan ya shiga harkar magani, bai sake fitowa ba. Kemis ake ce masa a layinmu, ba don yana da shago ba, sai don durowar gefen gadonsa ta fi wani shagon kaya. A wurinsa zubar da magani almubazzaranci ne. In jika ya warke ya bar ragowar na tari, Kawu ya gaje. In maƙwabciya ta haihu ta rage na ƙarin jini, ya karɓa, wai jini ba shi da mace ba shi da namiji. Da safe ya watsa ja da fari da kore a baki kamar mai cin gyaɗa, ya kora da shayi, ya ce a cikinsu dai ba za a rasa wanda ya san hanya ba.

Mutum ne mai labari, sai dai babu mai saurare. Da ya fara da "wata rana birki ya tsinke mana a gangare", 'ya'yansa duk sai su tuna suna da uzuri. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta ƙware wajen amsa masa da "uhm" tana gyangyaɗi.

Ranar da idanunsa suka koma ruwan ɗorawa, ni na kai shi asibiti. Aka ce hanta ce, kuma magani ne ya taɓa ta. A nan wata likita mai bincike kan magungunan da ke lalata hanta ta nemi ya shiga bincikenta, ta ce a kawo mata duk abin da yake sha. Jakar tafiya muka cika. Ban taɓa ganin mutum ya yi murna da cutar wani irin matar nan ba, har abokan aikinta ta kira su zo su ba idonsu abinci.

Tsarin ba wuya. Kawu ya daina shan komai, ya riƙa zuwa duk mako a ɗebi jini, a ga yadda hantar ke farfaɗowa, a gano ƙwayar da ta yi ɓarnar. Kafin allura kuma sai tambayoyi: yaya ya kwana, me ya ci, yaushe ciwon bayan ya fara. Tambayar ƙarshen nan ita ta jawo mata. Ta sha labarin birki tun daga tasha har gangare, tana gyaɗa kai tana rubutawa, har da cewa "sai kuma me ya faru, Baba?" Abin da ba a taɓa ce masa ba ke nan.

Kawu ya sauya. Ranar asibiti tun da sassafe ya sa a goge masa kaya, ya fesa turare. A majalisa ba ya cewa "likitoci", sai "mu masu bincike". Hantar kuwa, da yake ba ta san abin da ake ciki ba, ta kama warkewa. Likita ta yi masa albishir cewa in aka ci gaba a haka, wata mai zuwa za ta sallame shi. Ya dawo gida kamar wanda aka kora daga aiki.

Mako na gaba jinin ya nuna hantar ta sake rikicewa. Kawu ya rantse ko ƙwaya ɗaya bai haɗiya ba. Likita ta rasa inda za ta sa kanta don daɗi: hanta mai lalacewa ba tare da an sha magani ba! Ta ƙara masa ranakun zuwa, ta fara zancen kai labarinsa babban taron masana. Ni dai haushi ya ishe ni, don ina ganin cikin Kawu na kumbura su kuma suna taya juna murna.

Inna ce ta fasa ƙwan, ranar da ya kasa tashi aka kwantar da shi. A gaban likita da 'ya'yansa ta ce duk jajibirin zuwa asibiti yana shiga banɗaki da maganin ciwon baya, ya sha cike da tafin hannu. Ta daɗe da gani, ta ɗauka cikin binciken ne.

Likita ta zauna a bakin gadon. Ta ce hantar ta yi tabon da ba zai goge ba, kuma dole ta cire shi daga binciken, don ya ɓata mata sakamako. Tausayinsa ya kama ni, don maganar tabon ko a jikinsa, cirewar ce ta dame shi.

"Baba, me ya sa ka yi wa kanka haka?" in ji likita.

"Kin ce in na warke shi ke nan, 'yata. To wa zai riƙa tambayata yaya na kwana, ya tsaya ya ji amsar?"

'Ya'yan suka dubi juna, kowa na jiran wani. Can babban ya yi gyaran murya, ya ce in an koma gida zai saya masa rediyo.