Carafken Goggo Hansai

Duk wanda ya san Goggo Hansai a Kura ya san duwatsun nan biyar da take ƙullewa a bakin zaninta. Yayar babana ce, sana'arta turara shinkafa, ta kuma haura sittin, amma da zarar ta ɗora tukunya sai ta share ƙasa ta zauna carafke kamar 'yar shekara tara. Matan unguwa su yi ta cewa ta ji kunyar jikokinta mana. Ita kuwa ta ce jikokin ne ya kamata su ji kunya, tunda har yau ba wadda ta cinye ta.

Shekarar da tumatir ya yi kwantai, babana ya kwana biyu bai ci abin kirki ba. Ta same shi a zaure ya rafka tagumi, ta miƙa masa duwatsun.

Ya ce, "Yaya, tumatir ɗina fa na can yana ruɓewa a bakin titi."

Ta ce, "To tagumin ne zai hana shi? Karɓi."

Ranar muka ga dattijo da gemunsa yana cilla dutse sama, yana faɗo masa a goshi. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce a kawo tuwo.

Ba ta iya karatun boko ba, ni ce nake karanta mata gajerun labarai daga wayata. Sharaɗinta ɗaya, labari ya ƙare kafin shinkafa ta turaru. Na taɓa ɗauko mata wani dogo, ta katse ni, wai da ji wannan marubucin ba shi da tukunya a wuta. In kuwa aka kashe wani a labari, sai ta ce in tashe shi, ita ba ta amince ba.

Bayan na yi aure a Bunkure, sau uku tana aiko mini in zo mu yi karatu. Da ta gaji, ta hau acaɓa ta iske ni a gona, tsamo-tsamo cikin laka muna dashen shinkafa. Ta zauna bakin kanal ɗin da ke kawo wa gonar ruwa, ta ce in wanke hannu in karanta mata ko labari ɗaya ne. Na ce ta yi haƙuri ruwan na wucewa, bayan girbi zan zo mata sati guda.

Ta dube ni ta ce, "Binta, aiki ba ya ƙarewa. Mai shi ne ke ƙarewa."

Ta ajiye mini rake biyu ta tafi. Shinkafar ba ta fitar da kai ba aka yi mini waya Goggo ta rasu.

Allah Ya jiƙan Goggo, Ya haskaka kabarinta, Ya ba ta hutun da ta yi ta roƙon mu ɗan taɓa. Ni kuma Ya yafe mini wannan yinin.