Kwalbar da Na Rungume Har Kano

Daga gida zuwa Bici

Ladan bai kira sallar asuba ba na riga na jefa guga a rijiyar gidanmu. Shekarar nan ce da takardun kuɗi suka yi ɓatan dabo, man fetur kuma ya zama sai wane da wane. Maigidana, Malam Habu, ya yi watanni yana zuwa wankin ƙoda a Kano, kuma ranar layinsa ce. Ƙanensa Sani irin ciwon ne ya tafi da shi bara, ƙafa ta kumbura, fitsari ya ɗauke.

A zuwanmu na baya wata likita mai binciken ciwon ƙoda ta ba ni kwalba. Ta ce rashin mai ya hana motarsu shiga ƙauyuka. "Malama Hauwa, ranar da za ku dawo ki cika ta daga rijiyar da kuke sha. Kada ki tace, kada ki sa komai. Ba mu ce ruwan ne ba, so muke mu gani." Ni kuwa 'ya'yana huɗu daga rijiyar nan suke sha safe da yamma. Tun ranar duk wanda ya ɗaga moɗa a cikinsu sai gabana ya faɗi.

Na cika kwalba da ruwan yadda ya fito, jajaja da laka, na ajiye a bakin ƙofa na shiga shirya Malam. Da na fito na tarar surukata, Inna, ta naɗe ta tsaf cikin tsohon zanenta ta ƙulle. Na ce, "Kai, Inna, sannu da aiki." Ta ce, "Kayan zuwa wajen manya ai ba a ɗaukarsa tsirara." Malam ɗanta ne na fari, ba ta kama sunansa, ba ta tambayar jikinsa a gaban mutane. Abin da kawai ta ce shi ne, "Ku sauka lafiya."

Babur ba mai, sai amalanken maƙwabcinmu muka hau. Shanu suna tafiyarsu ta ba-ruwanmu, Malam na jingine da buhun wake yana numfashi sama-sama. Rana ta ɗan ɗaga muka shiga Bici.

Bici zuwa Dawanau

Direban da muka samu, Ɗan'asabe, mutum ne mai baki. Na ce masa ba ni da tsabar kuɗi, wake nake da shi. Ya ce, "Hajiya, jiya da zakara aka biya ni. In abin ya ci gaba kasuwa zan buɗe." Aka auna masa, muka shiga.

A nan yaƙina ya fara. Mai wankin ƙoda ruwansa a ƙayyade yake, don abin da ya sha ba ya fita, a ƙafa da ƙirji yake taruwa. To amma je ka faɗa wa Bahaushe kada ya ba mara lafiya ruwa! Wata dattijuwa ta miƙo fura, na ce an gode. Wani ya miƙo ruwan leda, na tare da hannu. Dattijuwar ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ke 'yar nan, mijinki ne ko bashi yake ci miki? Leɓensa duk ya tsage." Na ce, "Baba, likita ne ya hana." Ta ce, "Likitan da ya hana ruwa ai sai a bincike shi." Motar ta ɗauki dariya. Na haɗiye, amma wallahi ya yi mini ciwo.

A shingen hanya jami'i ya leƙo ya nuna ƙunshin da na rungume. "Mene ne wannan?" Na ce ruwa ne. Ya ce, "Ruwa kike kai wa Kano? Madatsar Tiga ta ƙafe ne?" Ya ɗaga mana hannu muka wuce.

Dawanau

Daidai kasuwar hatsi mota ta yi tari ta mutu. Ɗan'asabe ya ɗauki jarka ya tafi neman 'yan bumburutu, ya bar mu a rana. Hantsi ya wuce, zafi ya sauko, manyan motoci na ta lodin gero, mu ko motsi babu. In layin Malam ya wuce, sai wani satin, kuma ƙafar nan tasa ba ta da sati a gaba.

Can ya dafa gwiwata. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Hauwa, buɗe kwalbar nan. Murfi ɗaya kawai."

Na ce, "Malam, ka yi haƙuri."

"Ruwan gidana ne fa. Da hannuna na haƙa rijiyar."

Tun da aka kawo ni gidansa bai taɓa roƙona abu na hana ba. Na ƙanƙame ƙunshin na ce, "Na yara ne, Malam. In an buɗe ya ɓaci. Gara ka ji haushina." Ya juya fuska wajen taga. Na jiƙa gefen mayafina da ruwan leda na goga masa a leɓe, ina yi hawaye na zuba.

Ɗan'asabe ya dawo da rabin jarka yana zagin duniya. Na ce masa in ya kai mu ƙofar asibiti kafin ya sauke kowa, sauran waken nasa ne. Fasinjojin da kansu suka ce a fara kai mu.

Asibiti

Mun shiga ana gab da ba wani gadonsa. Aka haɗa shi da injin, jini na fita ta wannan roba yana komawa ta waccan. Sai da na ga numfashinsa ya fara daidaita na aika a kira likitar binciken.

Ta zo, na kwance zanen Inna ina jin kaina kamar wadda ta kawo lefe. Kwalba ta fito, ruwa garau, ko ɗigon laka babu. Likita ta buɗe ta shinshina. Ƙamshin kajiji ya bugi hancina tun daga inda nake tsaye. Ruwan randar Inna ne, wanda take sa wa alif ya kwanta, ta tace, ta turara don baƙi. Innalillahi! Ashe ta zubar da nawa ta cika da nata.

Likita ta ce a hankali, "Wannan ba zai gaya mana komai ba." Na zauna a ƙasa. Malam daga kan gado ya fara dariya marar ƙarfi. "Inna ke nan. Ba za ta bari a ce ɗanta laka yake sha ba." Ya dubi ma'aikaciyar jinya ya ce, "Tunda ba na yara ba ne, a ba ni murfina." Ta ce ɗaya tak. Ya kurɓa, ya riƙe shi a baki ya daɗe kafin ya haɗiye.

Na ce wa likita ta ba ni wata kwalbar. Ta ba ni biyu.

Kwana da komawa

Mun kwana gidan Hajiya Yagana, 'yar Barno ce da ta tsufa a Kano, wadda ke sayen wakenmu. Ta yi mana burabusko, na Malam ba gishiri, ta kuma janye butar ruwa daga gabansa ba tare da na ce komai ba. Allah ya saka mata. Da safe ita ta sa mu a mota, la'asar ta yi mana a gida.

Duk hanya ina tsara faɗan da zan yi. Na tarar da Inna tana tsince wake a tsakar gida. Na ce, "Inna, me ya sa kika canja ruwan?" Ko gezau ba ta yi ba. "Ni zan aika wa likita ruwa mai laka, a ce gidanmu ƙazamai ne?" Sai na fasa faɗan. Na durƙusa na ce, "Lakar suke nema, Inna. So suke su ga ko abin da ya ɗauki Sani yana cikin rijiyar nan, kafin ya kai ga jikokinki."

Hannunta ya tsaya cikin faifai. Can ta ce, "Nawa ruwan, zubarwa suka yi?" Na ce a'a, Malam ya sha murfi ɗaya. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da mai amalanke, da Ɗan'asabe, har da dattijuwar da ta zage ni. Ranar komawarmu asibiti na fito da asuba ɗauke da fitila, na tarar Inna ta riga ni bakin rijiya, igiyar guga a hannunta. Ta cika kwalaben biyu da kanta, jajaja, ta miƙo mini su tsirara ba zane. Ta ce, "Kai musu haka. In sun tambaya, ki ce uwar Habu ce ta ɗebo."