Wanda Muka Bari a Bayan Ƙofa

Da sassafe Ejvind yake shan kofinsa a tsaye, ya tayar da tankar madara ya zaga gonaki. In hunturu ya shigo, yana ajiye mota sai zauren taron gari. Shi zai ɗumama wurin, ya bi ƙofofin dandamali yana bugawa ɗaya bayan ɗaya, ya ji ko kowacce tana rufuwa da ƙarar da yake so. Tun 'yata tana rarrafe yake shirya mana wasan barkwancin shekara. Yau ɗanta yana soja.

Ni Thyra, a kicin ɗin zauren nake, kuma ban iya kwana-kwana ba. Wata shekara ana bita, na leƙo na ce, "Wancan mijin ya yi saurin fitowa daga kabad."

Ejvind ya juyo. "To uwar iyayi, ajiye butar ki zo ki gyara shi."

Haka na fara koyon ba da umarni. Ya sa na juya wa dandamali baya ina kallon fuskokin masu kallo, ya ce can aikin yake. Ya koya mini cewa ɗan wasa ba ya dariya, don wanda wandonsa ya zame a gaban surukarsa bala'i ne ya same shi. Ba a magana a kan dariyar mutane, ana jira ta sauka. Kuma ba mai buɗe ƙofa sai ya ji an kira shi. Aksel mai kiwon aladu ya fi kowa karya wannan doka.

"Aksel, aladunka sun fi ka haƙuri."

"Su ai abinci ake ba su. Ni me kake ba ni?"

"Suna. Kafin ni wa ya san ka ban da ƙudaje?"

Kai ne, Ejvind, ka je gidan Bodil bayan mijinta ya rasu, ka ce kana neman 'yar aiki mai mugun baki a wasa, kuma duk garin ba kamarta. Mun ga ta zage ka, mun kuma ga ta zo.

Lahadin da ta wuce da rana aka yi wasan Ejvind na ƙarshe, gwiwoyinsa sun ƙi. Kowa ya san al'ada: mai ba da umarnin da zai ajiye aiki yana tsayawa a bayan ƙofar tsakiya, shugaban ƙungiya ya kira sunansa, ya fito, jama'a su miƙe. Torben, sabon shugaba, ya gode wa mai fitilu, ya gode wa mai kwalliya, har kek ɗina ya yaba. Sai ya ce a ja labule, bai kira sunan Ejvind ba. Ina kicin ina zuba kofi, ban ji ba. Ku da kuka ji, kowa ya zauna yana jiran wani ya yi magana.

Ana cikin cin kek aka buɗe labule za a kwance katakon dandamali. Aksel ya ja ƙofar tsakiya. Ga Ejvind a tsaye cikin baƙar kwat, ya ɗaura laktaye, hannuwa a gefe.

Zauren ya fashe da dariya. An zaci barkwancinsa ne na ƙarshe. Har da tafi, har da masu share hawaye. Bai murmusa ba. Ya jira dariyar ta sauka, ya sunkuya, ya ja ƙofa, ya fita ta baya. Butar na hannuna na ga fuskarsa.

Na tare Torben. Ya ce, "Mantuwa ce, Thyra. Ai mutane sun ji daɗi. Za mu aika masa furanni."

Na ce, "Mutuwa ya yi?"

Washegari na sami Ejvind yana feraye dankali. Na ce me ya hana shi fitowa.

"Ba a kira ni ba." Ya ci gaba da feraye dankalinsa. "Dariyar ta yi kyau kuwa. Ba ni na shirya ta ba dai."

Ejvind, mun gode. Ka ɗauki manoma da mai dafa kofi ka koya musu sa gari dariya a watannin da rana ba ta fitowa. Masu tasowa, ku koyi haƙurinsa, ku ja wani a jiki yadda ya ja mu. Shirun da aka yi ran Lahadi kuwa, kada ku koya.

Makullin zaure yana wurina, kuma ba za a cire ko ƙusa ɗaya daga dandamalin nan ba. Ran Asabar bayan abincin rana kowa ya dawo kujerarsa, Torben ya hau ya kira sunan. Ba kofi sai an yi.

Na gaya wa Ejvind. Ya ce zai duba gwiwarsa tukuna. Ina bakin ƙofa ya ƙara da cewa, "Ki gaya wa Torben ya zo bita ran Juma'a."