Kujerar da Anti Lamba Ta Ajiye

Kullum da safe, kafin ta kunna kwamfuta, Anti Lamba sai ta goge tabaranta da bakin mayafi, sannan ta jawo wata kujera ta ajiye kusa da tata. Tun da ta sanar za ta yi ritaya take yin haka. Kujerar ta wanda zai gaji aikinta ce, kuma har yau babu wanda ya zauna a kai.

Aikin nata ba na a zo a gani ba ne. Kamfanin da take wa aiki yana ƙera manhajar da masu rubuta manhaja ke bin sawun kuskure da ita. In manhaja tana gudu, ayyuka da yawa ke tafiya lokaci guda, kowane aiki kuma da ƙananan rassansa, waɗanda suke kira zare. Anti ce ta tsara yadda za a gane kowanne: lambar aiki, ɗigo, lambar zare, da tauraro a gefen wanda kake kai. Maigidanta kan tsokane ta cewa har jikoki ba su tsira ba. "Jiya ta ce mini biyu ɗigo uku na zazzaɓi. Ashe ɗa na uku na 'yarmu ta biyu take nufi!"

Dokarta ɗaya ce ba ta wasa da ita: zaren da ya ƙare, ba a ba wani lambarsa. Wanda yanzu yake shugabantar sashensu shaida ne a kan haka. Yana sabon zuwa, tsohuwar manhajar ta maimaita wata lamba, ya yi kwanaki yana tuhumar zaren da bai ji ba bai gani ba, alhali mai laifin ya daɗe da ƙarewa. Anti ta dafa teburinsa ta ce, "Ɗana, je ka sha shayi. Ba kanka ne ya kwance ba, lambar ce ta yi maka ƙarya." Ta zauna ta gyara tsarin daga tushe.

Ke ce, Anti, kika ƙarar da idonki a kan ɗigo don wasu su koma gida da wuri. Ke ce ba a tuna ki sai abu ya rikice, kuma kin hana shi rikicewa.

Abin takaicin ke nan. Matasan sashen suna sonta, amma kowa na hararar aikin da zai kai sunansa gaba. Ranar nan ta tare wata mai hazaƙa a bakin ƙofa.

"'Yata, zo mana in nuna miki dalilin kowace doka. Akwai abin da rubutu ba ya ɗauka."

"Wallahi Anti, ina da mitin. Gobe, in Allah ya yarda."

Anti ta yi murmushi ta ce Allah ya kai mu. Amma abin ya yi mata ciwo, don ta san randa wani zai ga dokar ta takura masa, gogewa zai yi, ba tare da ya san abin da take tarewa ba.

Mun gode, Anti Lamba. Allah ya ƙara wa idonki haske, ya sa ki huta cikin jikoki, kowa da ɗigonsa. Ku kuma 'yan baya, kek da jawabin da kuke shirya mata ba su take jira ba. Juma'a za ta tafi. Yau da safe ma ta jawo kujerar.